Inna Mai Cokali da Sandunan da Suka Yi Shiru

Kafin ta taɓa kowace na'ura, Inna kan fara share teburinta. Ɗakin aikin nata ƙarami ne, a bayan wani kantin sayar da kayan tsaro, tagarsa ɗaya kuma tana kallon bangon maƙwabta. Sai ta shimfiɗa farin ƙyalle don kada ƙananan kusoshi su gangara su ɓace, ta jona ƙarfen dalma ya fara ɗaukar zafi, ta jera mita da sukundireba da wani tsohon buroshin haƙori. Abu na ƙarshe da take fitarwa daga aljihun rigarta shi ne cokalin shayi mai ɗan lanƙwasasshen baki. Saboda shi masu gadi ke kiranta Inna Mai Cokali, har da waɗanda suka girme ta.

Aikinta gyaran na'urar gano ƙarfe ne, irin wadda masu gadi ke riƙewa a hannu suna shafa wa mutane a ƙofar banki da makaranta da asibiti. Su masu gadin, sanda kawai suke ce mata. A wajen marigayi mijinta, mai gyaran rediyo, Inna ta koyi riƙon dalma. Da haska masa fitila ta fara, har ta kai yana barin mata wayoyin da suka fi ƙarfin yatsunsa. Yanzu ita ma idanu sun fara yi mata gardama, kuma a ƙarshen wannan wata za ta naɗe farin ƙyallen nan. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ta yi tun tana ji da kunnenta.

Kusan kowane mai gadi da irin maganar da yake shigowa da ita.

"Inna, sandata ta mutu."

"Allah ya ba ku haƙuri. Kawo gawar mu gani."

Yawancin gawarwakin nan da ransu. Inna ta daɗe da sanin cewa ciwon sanda ba kasafai yake kaiwa cikinta ba, a ɗakin batir yake tsayawa. Wani ya bar tsohon batir ya yi yoyo, farin gari ya rufe bakin ƙarfen, sai ta bi shi da buroshi a hankali har ya yi ƙyalli. Wani kuma in zai canza batir da waya yake fizgowa, har ta tsinke a cikin robarta ba a gani. Wata sandar murfinta ne ya saki. Idan ta gama, ba ta yarda da sandar da ta yi ƙara tana kwance a kan tebur. Takan ɗauke ta, ta girgiza, ta buga a tafin hannu, ta juya ta sama da ƙasa kamar yadda mai gadi zai yi a bakin aiki, sannan ta bi da ita ta kan cokalin. In ta yi ƙara bayan wannan wahala, to ta warke.

Abin da ya wuce ɗakin batir kuwa, in sandar tana cikin garanti, Inna ba ta taɓawa. Akwai 'yar takarda da kamfani ke liƙawa a kan kusar da ke riƙe da cikin na'urar. Wanda ya yaga ta, ko ya yi wa sandar wani gyara na kansa, ya fita daga alkawarin. Irin waɗannan sai ta ajiye su a gefe har wakilin kamfanin ya zo. Tsawon shekaru, mutumin nan ya kai ba ya ma buɗe abin da ta ba shi. In ta ce ba a taɓa ba, sai ya sa a jaka.

Wanda ya tsaya ya yi tunani a kan wannan na'ura zai ga wani abu mai tayar da hankali. Fitila in ta lalace, duhu zai faɗa maka. Mota in ta lalace, ba za ta tafi ba. Ita kuwa sanda, in ta lalace shiru take yi, kuma shirun nan shi ne ainihin abin da take yi idan ta bi jikin mutumin da ba ya ɗauke da komai. Mai gadi zai iya yini yana kaɗa matacciyar sanda, layi yana tafiya, kowa yana gode masa. Inna ta fi kowa sanin haka, kuma wannan ne ya jawo ta cikin maganar Kofur.

Kofur mai gadi ne a ƙofar wani babban asibiti. Bai taɓa shiga soja ba, tsayuwarsa ce ta jawo masa sunan. Wata rana da hantsi ya shigo ɗakin Inna da sanda a naɗe cikin tawul, bai yi barkwancin gawa ba, bai kuma zauna ba. Tana zare murfin batir ƙaurin ƙonanniyar roba ya bugi hancinta. Ta sa hantsaki ta zaro wani abu mai ƙyalli da aka ninke, gefensa ya yi baƙi.

"Wannan kuma fa? Sandar ce take shan magani?"

Takardar ƙyalli ce ta bayan ƙwayoyin magani. Kofur ya sunkuyar da kai ya faɗi yadda aka yi. Sababbin sandunan da aka raba musu, ba su daɗe ba suka fara ɗaukewa. Ka kunna ta kawo wuta, ka ɗaga hannu ta mutu. A kamfanin gadin da yake wa aiki kuma doka ce, wanda kayan aiki suka lalace a hannunsa ya kama hanyar gida. Don haka ba wanda ya kai ƙara. Abokan aikinsa suka ce masa ya kaɗa ta kawai, wa zai sani.

"Na gwada, Inna. Wallahi hannuna ne ya ƙi. Mutum ya ɗaga hannuwa ya ba ni amanar jikinsa, na bayansa sun ba ni amanar 'ya'yansu da ke kwance a ciki, ni kuma ina shafa masa roba."

Sai ya lura in ya danne batirin da yatsa tana aiki. Ya tsinci takardar nan a kwandon sharar ɗakin magani, ya ninke, ya cusa. Ta yi aiki lafiya na ɗan lokaci, har ranar da takardar ta zame ta haɗa bakunan batirin biyu. Sai ji ya yi sandar ta yi zafi a hannunsa.

"Abin da nake roƙo kaɗan ne," in ji shi. "Ki yar da takardar, ki kankare baƙin nan, ki ce haka ta zo. Mutumin garanti ba ya buɗe kayanki, kowa ya sani. Tsohuwata tana wurina, Inna, ga mai ɗakina watan haihuwarta ya kama. In aka sallame ni ban san ƙofar da zan nufa ba."

Inna ta leƙa cikin ɗakin batirin. Ta danna ɗan sifirin, murɗaɗɗiyar wayar nan da ke tokare batirin, da bakin sukundireba. Ya lotsa, bai dawo ba.

"Ba zan kankare ba, ɗana."

Kofur ya miƙa hannu zai ɗauki tawul ɗinsa.

"Na ce ka tafi? Zauna. Tsayuwar nan taka tana sa ni ciwon wuya." Ta jawo aljihun tebur ta fito da tsohuwar sandarta ta gwaji, wadda aka ɗaure wa gindi da tef. "Riƙe wannan ka koma bakin aiki. Mummuna ce, amma ba ta ƙarya. Taka kuma bar min ita yadda take."

Da yamma a gida, babbar 'yarta, wadda ke ɗinki a tsakar gida, ta ji labarin ta tsayar da keke.

"Haba Inna, ɗan baƙi ne fa kamar ƙwayar gero. Kamfanin nan ba zai ma san an yi ba."

"Kamfani ba zai sani ba. Mutumin da ke ɗaukar kayana ido rufe fa? In aka buɗe a can aka gani, wuyan wa za a kama?"

"To ki je ki gaya wa shugabansu gaskiya, sauran ma matattun sanduna suke kaɗawa."

"In ciro ɗaya daga ruwa in tura sauran? Su ba su da tsofaffi a gida?"

'Yar ta koma kan kekenta tana guna-guni. Inna kuwa ta zauna da abin a ranta, don ya fi ƙarfin a ce ga mai gaskiya ga mai laifi. Waɗanda suka kaɗa matattun sanduna ba su taɓa komai ba, don haka garantinsu yana nan lafiya, aikinsu ma haka. Mutum ɗaya da abin ya dama har ya nemi dabara, shi ne dokar kamfanin gadi da ta garanti suka kama. Kuma ba za a ce dokar garantin ta banza ce ba, don takardar tasa ta kusa tayar da wuta a hannunsa. Ƙaryar da ya roƙa ƙarama ce, za ta cece shi, amma za ta bar ƙofar asibiti a buɗe yadda take, da masu gadi a tsaye a gabanta.

Washegari ba ta buɗe ɗakin aiki da wuri ba. Ta je asibitin ta shiga layin mata kamar kowa. Mai gadin wannan layi wata ƙaƙƙarfar mace ce da ake kira Anti Layi, saboda kalmar da ta fi fita daga bakinta ke nan. Ta bi jikin Inna da sanda, gaba da baya, ta ce, "Wuce, Mama." Inna ba ta wuce ba. Ta sa hannu a aljihu ta ɗan fito da kan cokalin, daidai yadda ita kaɗai za ta gani.

Masu sayar da ruwa a bakin ƙofar sun ce ba su taɓa ganin bakin Anti Layi ya mutu ba sai ran nan.

A bayan rumfar masu gadi suka yi maganar, sauran suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Inna ta karɓi kowace sanda, ta kunna, ta buga a tafin hannu, wutar ta ɗauke.

"Ban zo tona asirin kowa ba," in ji ta. "Sifirin ne ba shi da ƙarfi, tun daga inda aka ƙera. Ba ku kuka ɓata ba. Naku ba a taɓa su ba, garanti zai karɓa. Ta Kofur ce kawai ba zai karɓa ba, kun kuma san dalili."

"Mu muka ce ya cusa takarda?" in ji wani daga baya.

"A'a. Ku cewa kuka yi ya kaɗa."

Anti Layi ta ce, "Inna, ba ki san shugabanmu Yallaɓai ba. Kafin ka gama magana ya gama sallamarka."

"Ban san shi ba, ba kuma zan je wurinsa ba. In ni na je, ƙara na kai. In ku kuka je, rahoto kuka kai." Ta ɗora cokalin a kan tagar rumfar. "Ga shi nan. In kun ga dama ku mayar min, in kun ga dama ku yi aiki da shi."

Ta koma ɗakinta ta yini tana gwada sanduna da makullin ƙofa, tana tsaki. Mai kantin ya leƙo ya tambaya ko lafiya, ta ce masa ya je ya kula da masu sayayya. Ba ta san abin da za su yi ba. In suka ɓoye cokalin suka ci gaba da kaɗawa, to ta hana Kofur ƙaryar da za ta cece shi, ba ta kuma ba shi komai a madadinta ba.

Abin da ya faru a ofishin shugaban masu gadin, matar da ke share ofishin ce ta ba da labari. Ta ce Anti Layi ce a gaba, sauran suna ɓuya a bayanta duk da ba ta isa ta rufe su ba. Suka jera sanduna a kan tebur, ta ajiye cokali a tsakiya.

"Shayi kuka kawo min?" in ji Yallaɓai.

"Gwada, Yallaɓai. Ka ɗan girgiza ta tukuna."

Ya gwada ɗaya, ya gwada ta biyu. Bai gwada ta uku ba.

"Tun yaushe?"

"An jima, Yallaɓai. Tsoro ne ya hana mu faɗa. Kofur ne kaɗai ya ƙi kaɗa matacciya, shi ne tasa ta ƙone. In korar ce, ka fara da ni, don ni na fara ce masa ya kaɗa."

Mai sharar ta ce Yallaɓai ya daɗe yana juya cokalin a hannu. Daga baya ya sa aka aro sanduna daga wani wurin gadi aka kai ƙofar nan take, ya ce maganar Kofur kuma sai ya ji daga bakin masu garanti.

Da wakilin kamfanin ya zo, Inna ta jera masa sandunan da ba a taɓa ba, ta nuna masa sifirin kowace. Ya danna, ya gyaɗa kai, ya ce ya fara jin irin wannan daga wani wuri. Sannan ta turo masa ta Kofur, murfi a buɗe, takardar maganin tana ciki inda ta same ta.

Mutumin ya cire tabarau ya murza ido. "Wannan ba zan iya karɓa ba, Inna. Ba ni na kafa dokar ba, ni ma ƙarƙashinta nake ci."

"Ban ce ka karɓa ba."

"Da kin share baƙin nan, da ban duba ba."

"Na sani. Shi ya sa ban share ba. Abu ɗaya nake so: ka danna sifirin wannan ma, sannan ka gaya wa shugabansu da bakinka wanne ya riga, sakin sifirin ko takardar."

Ya danna. Ya fito da wayarsa ya kira a gabanta, ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba bai rage ba.

Ba a kori Kofur ba. Ba a kuma yi masa tafi ba. Yallaɓai ya wanke shi tas a gaban kowa a kan cusa shara cikin kayan aiki, ya mayar da shi ƙofar motoci inda babu inuwa, ya daɗe a can kafin a dawo da shi. Waɗanda suka kaɗa matattun sanduna faɗa kawai aka yi musu. Mai neman adalci cif-cif ba zai same shi a wannan labari ba, kuma Inna ba ta taɓa cewa ta samo shi ba. Amma an soke dokar nan ta sallamar duk wanda kaya suka lalace a hannunsa, aka ce wanda ya ɓoye lalacewa shi ne zai tafi. Ita kuwa sandar Kofur, tunda ta riga ta fita daga garanti, Inna ta yaga takardar kusar da zuciya ɗaya. Ta yanke robar da ta narke, ta ɗauko sifirin daga gwangwanin tarkacen rediyon mijinta, ta kama shi da dalma. Har yau ita ce a hannun Kofur. An ba shi sabuwa ya ce a ba wani.

Cokalin bai dawo ba. Yana rataye da igiya a jikin rumfar masu gadin, kuma duk wanda ya karɓi aiki sai ya girgiza sandarsa ya bi da ita ta kansa kafin ya taɓa mutum na farko. Masu gadin wasu wuraren sun gani sun kwaikwaya, wani da makulli, wani da kan bel ɗinsa. Inna kuwa ta ɗauko wani cokalin daga gida, 'yarta tana cewa in aka ci gaba a haka da yatsa za a koma juya shayi.

Inna, ke ce kika ƙi yi wa mutum ƙarya, kika kuma ƙi barinsa shi kaɗai da gaskiyar. Da yawanmu ɗaya muke iyawa. Wani zai ce doka ce, ya kakkaɓe hannu ya tafi gida da tsabtarsa. Wani zai ce tausayi ne, ya kankare baƙin. Ke kika rufe ɗakin aiki kika je kika shiga layi. Ke ce kika san asirin mutane kika mayar musu da shi a hannu, su kai da kansu. Mai kunnen jin shirun na'ura, mutanen da suka kwana lafiya a gadajen asibitin nan ba su san kina duniya ba, ke ma ba ki san su ba.

Kwanan baya ta koma asibitin, wannan karon don a duba mata idon. Ta shiga layin mata. Anti Layi ta bi jikinta da sanda, sandar ta tsala ƙara daidai aljihu.

"Baiwar Allah, me kike ɗauke da shi?"

"Kin fi kowa sani."

"Doka ce, Inna. Fito da shi."

Ta fito da cokalin, layi ya kwashe da dariya ba tare da an san abin da ake wa dariyar ba. Daga layin maza Kofur ya ƙame ya sara mata, kamar dai sojan gaske.

Mun gode, Inna Mai Cokali. Allah ya ƙara wa idon haske, ya sa hutun ya yi daɗi, ya jiƙan wanda ya fara miƙa miki fitila. Mu kuma da muka rage a bakin aiki, kusan kowannenmu yana riƙe da wani abu da mutane suka dogara da shi ba tare da sun iya dubawa ba. Gobe da safe, kafin mutum na farko ya ɗaga mana hannuwansa, mu girgiza abin nan mu gwada, in kuma ya yi shiru mu faɗa.